Gani ya kori ji: daren da ƴan piyano sunka yi wasa babu wuta



Wanda ya saba kama shirinmu na marece ya san akwai waƙoƙi 3 na piyano da ba mu gajiya da sanyawa, har wasunku kan bugo waya su ce, "Animater, wai kaset ɗin nan kaɗai gare ku?" Shekara 2 ke nan da wani ɗan kabu-kabu ya tura mana su a bakin tasha, babu sunan mai waƙa, babu hoto, sai lambobi. Mun daɗe muna zaton daga Kano ko Sakkwato sunka fito. Ashe ɗiyan nan ne, samari 3 da ke zaune tsakanin Malbaza da Galmi: guda tela, guda mai gyaran waya, guda kuma yana lodin siminti in aiki ya samu. Sun roƙe mu kada mu rubuta sunayensu tukuna, don mahaifin ɗayansu yana ƙauye, kuma har yau bai san ɗansa na kiɗa ba. Mun ɗauki alkawari. Amma abin da munka gani daren Asabar ɗin da ta wuce ya fi ƙarfin mu yi shiru.

Wurin wasan wani kango ne mai katanga a bayan tasha, inda ake jibge buhunan albasa lokacin kaka, har yanzu warinta na nan cikin ƙasa. An shimfiɗa tabarmi a gaba, an jera bencina a baya, mata gefe guda, maza gefe guda. Ƙwan lantarki 2 na rataye a igiya, sai bafful 2 na haya. Dala ɗari ake biya a bakin ƙofa. Mun ƙirga mutum 68, ban da yaran da sunka ɗare katanga. Babu dandamali, tsakaninmu da masu kiɗa bai fi taku 4 ba. Babban piyanon, Yamaha, yana kan wani ƙarfe da mai walda ya haɗa, telan ne ke bugawa, kuma ɗaya daga cikin maɓallansa ya taɓa karyewa an manne shi da gam. Ƙaramin piyanon na bisa cinyar mai gyaran waya, shi ke ba da ganga da kauri. Mai lodin siminti shi ne mawaƙi. A gefe kuma ga wani dattijo da kalangu a hammata, wanda sunka gayyato daga wajen Tsarnawa.

Abin da ya fara kama idonmu shi ne hannun telan. Shekara 2 muna jin wannan sautin mai kuka kamar goge, muna cewa ai na'ura ce ke yin abinta. Sai ga shi yatsun dama ne ke gudu bisa maɓallai, babban yatsan hagu kuma yana murza wani ɗan gargare da ke lanƙwasa sautin, ya ja shi sama, ya sake shi a hankali, kamar yadda mai goge ke jan izga. Waƙar da muke sanyawa a radiyo minti 4 ce. A kangon nan ta kai minti 11, don mawaƙin ya lura mata sun kama amshi da tafi, sai ya riƙa maido masu shi, har ya saka mai shayin bakin ƙofa cikin baiti, wuri ya kaure da dariya.

Ana tsakiyar waƙa ta 4 wuta ta ɗauke. Duhu, bafful ya mutu, mikoro ya mutu, babban piyano ya yi tsit. Wani daga baya ya ce, "Shi ke nan, a maido mana kuɗɗinmu!" Mawaƙin ya tsaya, ka ga yaro ya ruɗe. Sai muryar dattijon nan ta fito cikin duhu: "Ɗana, ci gaba da waƙarka. Ni kalanguna ba ya shan wuta." Yaron ya ce, "To Baba, riƙe mani." Mai gyaran waya ya laluba ya zuba wa ƙaramin piyano batir, telan ya karɓe shi, jama'a sunka kunna fitilun waya. Aka yi kusan minti 20 haka kafin a tada gurup: piyano na magana ƙasa-ƙasa, kalangu na amsa mashi, murya ba tare da wani gyara ba. Mun ji numfashinsa. Mun ji inda muryar ta so ta kuɓuce mashi a sama ya kamo ta. Mutum 68 sunka yi shiru har kana jin ƙarar manyan motoci a kan gudro. Wanda ya nemi a maido mashi kuɗɗi, shi ne ya fara tashi ya liƙa wa mai kalangu dala ɗari biyu a goshi.

A nan ne munka tuna wani dare na bara, a wani babban gari na jiharmu. An kawo mawaƙi daga nesa, an cika gari da hotunansa, tike jika 2, na kujerun gaba jika 5. Mutane sun yi hayar mota daga ƙauyuka. Da ya hau dandamali babu piyano, babu ganga, babu mai amshi, sai yaro guda zaune gaban ordinater. Abin da ake ce ma pilebak ke nan: a saka waƙar da anka ɗauka a sutudiyo, mawaƙi ya riƙa motsa baki yana rawa. A waƙa ta uku ya sauke mikoro yana shan ruwa, muryarsa kuma na ci gaba da rangaɗa waƙa cikin bafful. An yi dariya, amma dariyar takaici ce. Wani manomi da ke kusa da mu ya ce, "Wannan ai ina da ita a waya, kyauta."

Ra'ayinmu ke nan, kuma a kansa muke tsaye. Kiɗan piyano kiɗa ne na gaskiya matuƙar hannu ke buga shi a gaban jama'a, kuma ƙaramin wuri irin wancan kangon shi ne makarantar da ke fidda makaɗi. In munka bari irin waɗannan wurare sunka mutu saboda rowar dala ɗari da tsoron abin da za a ce, nan da ƴan shekaru ba za mu sami mai buga kiɗa a yankin nan ba, sai mai danna kile.

Masu cewa piyano baƙo ne a ƙasar nan, mu koma baya kaɗan. Duk wanda ya tashi yana jin radiyon ƙasa ko kallon Tele Sahel ya sha jin wani kiɗa mai sanyi da ake sanyawa tsakanin shiri da shiri, ko da bai san mai shi ba. Mamman Sani Abdoulaye ne. Lokacin da yake aiki da UNESCO ya sayi wata orgi ta lantarki ƙirar Italiya, mai suna Orla, ya zo da ita Yamai, ya riƙa buga waƙoƙin gargajiya na ƙasar nan a kanta. A 1978 ya ɗauki kaset ɗinsa a gidan radiyon ƙasa, kuma kwafi kaɗan ne anka buga. Sai a 2013 wani kamfanin faifai na Amurka, Sahel Sounds, ya sake fiddo shi, daga nan ne Turawa sunka fara kiransa ya je ya yi masu wasa. Shekara 35 muna jin kiɗan mutum kullum a gidajenmu, amma sai da baƙo ya zo ya gaya mana darajarsa.

Bayansa ga Hama na Yamai, wanda kiɗansa na piyano ya zagaye ƙasa ta kart memwar da Bluetooth kafin mutane su san sunansa. Shi ma Sahel Sounds ce ta fidda faifansa Torodi a 2015, sannan Houmeissa a 2019. Ga kuma namu na jihar Tawa, Mdou Moctar, da ya fito daga wajen Abalak da Cintabaradan. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da gangar na'ura da gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta waya waƙoƙin sunka bazu. Yau yana cika manyan wurare a Amurka da Turai da gitarsa. Amma a ina hannunsa ya nuna? A wuraren buki, bisa tabarma, gaban mutanen da in ka yi kuskure za su gaya maka a take. Haka abin yake ko a Turai. Depeche Mode, ƴan Ingila da sunka yi suna a duniya da kiɗan irin waɗannan na'urori, a 1980 sunka fara, kuma a ƙananan wurare sunka fara wasa kafin su kai ga filayen ƙwallo.

Shi kuwa pilebak, duniya ta daɗe da yanke mashi hukunci. Manyanmu da sunka yi lise a ƙarshen shekarun 1980 sun san Milli Vanilli, samari 2 daga Jamus da sunka girgiza duniya. Da ta bayyana cewa ba muryarsu ba ce a faifai, motsa baki kawai suke, a 1990 anka ƙwace kyautar Grammy da anka ba su. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mu nan ma muna da ma'aunin da ya fi wannan kusa. Tun 1975 da anka fara kokowar ƙasa a Tawa, wa ya taɓa biyan kuɗɗi ya shiga fili don a nuna mashi hoton kayen bara? Ana shiga ne don ba a san wanda zai faɗi ba. Wannan rashin sanin shi ne abin da muke saye da tike. A kangon albasa mun same shi. A babban dandamalin bara ba mu same shi ba.

To amma ba mu kaɗai ke da baki ba, kuma masu ƙorafi suna da hujja. Bari mu ɗauko su ɗaya-ɗaya.

Na farko, makaɗan gargajiya. Wani tsohon makaɗi ya taɓa zuwa sutudiyonmu ya ce, "Ku ƴan boko kun kashe mu da piyanonku." Ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 da waƙoƙin finafinan Kano sunka mamaye kasuwa, mutum guda da Yamaha guda yana fidda sautin da da can sai an tara mutum 6. Bukin da ake kiran masu kalangu da masu amshi, yanzu DJ guda ake kira da bafful. Gidaje da yawa da sunka gaji kiɗa sun ajiye ganga, ɗiyansu sun koma kabu-kabu ko sun tafi bida. Wannan asara ce, kuma ba mu raina ta ba. Sai dai mu duba da kyau mu ga wa ya ci abincin nasu. DJ ba ya buƙatar mai kalangu, ba ya buƙatar mai piyanon ma, kile kawai yake sokawa. Shi kuwa telan nan da ke buga piyano da hannu, shi da kansa ya hau babur ya je Tsarnawa neman dattijo, don ya san gangar na'ura ba ta jin jama'a, ba ta san lokacin da za ta ƙara wuta ko ta lafa ba. Daren Asabar mun ga tsoho da yaro sun raba kuɗɗin liƙi. Wannan ita ce hanyar da kalangu zai sake cin abinci.

Na biyu, iyaye da malamai. Suna cewa wurin kiɗa wurin lalacewa ne: cakuɗuwar maza da mata, ƙwaya, kai wa tsakar dare, hana maƙwabta barci, ga kuma halin tsaro da ake ciki. Wanda ya ce bai taɓa ganin haka ba a wasu wurare, bai faɗi gaskiya ba. Amma ku tambayi kanku, iyayenmu: ina ne yaro ya fi ɓoyuwa, cikin taron mutum dubu da babu wanda ya san wani, ko cikin kangon da mai tsaron ƙofa ya san uban kowa? Daren nan an fara bayan isha'i, an tashi ƙarfe 11. Masu shirya wasan sun nemi izinin hukuma, sun gaya wa mai unguwa. Wani yaro ya zo yana tangaɗi, tun a ƙofa anka juya shi. Waƙoƙin da anka yi, ɗaya kan mai tafiya bida ce da ya bar mata da ɗiya, ɗaya kan bashin taki, ɗaya ta soyayya wadda ba za ka ji kunyar ji gaban surukinka ba. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya: yaron da anka hana zuwa inda ido ke ganinsa, yana ɗaki da waya a kunne, yana jin abin da ba wanda ya tace. Ba mu ce kowa sai ya so kiɗa ba. Wanda ya ƙaurace mashi don addininsa, muna girmama shi. Roƙonmu shi ne kada a sa yaro mai sana'ar hannu ya riƙa ɓoye baiwarsa kamar ɓarawo, har ya kasa faɗa wa mahaifinsa.

Na uku, masu cewa ai babu riba, wasan yara ne. Nan kam lissafi ya goyi bayansu, kuma laifin namu ne. Bayan an tashi mun zauna da samarin munka yi lissafi a ƙasa da tsinke. Cikin mutum 68, mutum 51 sunka biya, watau jika 25 da dala ɗari. Sauran 17 "manya" ne da abokai da ƴan uwan mai wuri, waɗanda ake jin nauyin tambayarsu. Hayar sono jika 8, bencina da tabarmi jika 3, man gurup jika 3, mai kango jika 2, kuɗɗin babur na ɗauko dattijo da maida shi jika 2. Abin da ya rage jika 7 da dala ɗari, mutum 4 za su raba, bayan sati 3 suna gwaji kowane dare. Ba don liƙi ba, da telan ya fi samu in ya zauna ya ɗinka riga guda.

Kuma cikin waɗannan 17 har da mu. Mun iso ƙofa, yaron ya gane murya ya ce, "A'a, animater ne, ku shige." Munka shige muna murmushi. Sai da munka ga lissafi kunya ta kama mu, munka zaro namu munka ajiye. Laifinmu ma bai tsaya nan ba. Shekara 2 muna cika shiri da waƙoƙinsu, ƴan kasuwa na biyan talla a cikin shirin, su kuwa ko dala ba ta taɓa isa hannunsu ba, ba mu ma tashi mun nemi su wane ne ba. Abin da anka yi wa Mamman Sani a Yamai, shi muke yi wa namu a Malbaza. Dala ɗarin da muke jin nauyin ba su, kullum muna zuba ta a kiredi don mu kalli mawaƙan wasu ƙasashe a TikTok.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma da kanmu za mu fara.

Daga wannan wata, duk mai shirya wasa da ya kawo mana sanarwa, za mu tambaye shi a iska: da hannu za a buga, ko pilebak ne? Ba mu hana kowa yin pilebak ba, wani na son ya ga fuskar tauraro kawai, haƙƙinsa ne. Amma a faɗa wa mutane abin da suke saye, kamar yadda mai albasa ke buɗe bakin buhu. Za mu kuma ware lokaci a shirinmu sau ɗaya a sati don mai piyano, mai gurmi, mai goge ko mai kalangu ya shigo sutudiyo ya buga kai tsaye, a faɗi sunansa da garinsu. Kuma mun daina shiga wasa kyauta. Abokan aikinmu na sauran gidajen radiyo, mun san za ku ce mun tona asiri. Ku yi haƙuri, asirin ya daɗe a buɗe.

Ga hukumomin garuruwanmu: ba mu roƙi a gina babban zaure ba. Fili mai katanga, wuta da izini mai sauƙi, sau ɗaya a wata, da sharaɗin lokaci da tarbiyya, ya isa. Garin da ke da masana'antar siminti, garin da anka kafa wa tashar lantarki mai aiki da hasken rana ta megawat 7 tun 2018, bai kamata a ce matasansa na wasa cikin kangon albasa da fitilar waya ba. Jihar da ake ba da kyautar kiɗa da sunan Ɗan Gurmu ta san darajar makaɗi. Amma wanda zai je ya ci wannan kyauta gobe, yau yana buƙatar wurin da zai yi kuskure gaban mutum 60 ya gyara.

Ga ƴan kasuwarmu na albasa da siminti da sufuri, masu liƙa wa baƙon mawaƙi jika 50 a dare guda don a ambaci sunansu: hayar sono ta wata guda ba ta kai rabin wannan ba.

Ga ku kuma masu saurare, abu guda ne. In kun ji an ce ɗiyan unguwa za su yi wasa, ku je, ku biya a ƙofa, ku zauna kusa ku kalli hannu. In sun yi daidai ku tafa, in sun kauce ku gaya masu. Kada ku tsaya bayan katanga kuna ɗauka da waya.

Da za mu fita daren nan, mawaƙin ya biyo mu har bakin gudro. Ya ce, "Yaya, in Baba ya ji ni a radiyo, mi zan ce mashi?" Ba mu da amsar da ta wuce wadda munka ba shi: ka riga radiyo zuwa, ka je ka durƙusa ka faɗa mashi da bakinka, in ya yarda ka gayyato shi ya zauna kusa da mai kalangu ya gani da idonsa. Ya ce zai je ranar kasuwa. In Allah ya sa tsohon ya sa albarka, za ku ji sunayensu su uku a shirinmu, da na dattijon Tsarnawa, kuma a gabanku za su buga.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa wa sana'ar kowa albarka. Sai mun haɗu a shirin marece.